Ku Daina Laɓewa Bayan "Babu Netwok"

Da ku nake, masu riƙe da makullin ɗakin saba a ofisoshin Gusau, ku da shugabanninku masu sa hannu a takardar kuɗi. Maganar ba za ta yi muku daɗi ba, ban kuma zo don ta yi daɗi ba. Kun samu kalma biyu kun mayar da su mafaka: "babu netwok". Da su ake sallamar ɗalibin da ya zo rajista, da su ake korar dattijon da ya zo tantancewar fansho, da su ake mayar da mai jinya da ke jiran a nemo fayil ɗin majinyacinsa. Wani lokaci gaskiya ne, sabis ya ɗauke. Amma ku da kanku kun san sau nawa sabis ke nan garau, ma'aikacin da ke cewa babu netwok ma wayarsa na hannunsa yana kallon TikTok, abin da ya kwanta kuwa na'urarku ce ta ɗakin baya, wadda ko dai kun yi shekara da shekaru ba ku duba ta ba, ko kuma wani ya taɓa ta jiya da rana tsaka ba tare da shiri ba.

Ga wanda bai sani ba, saba ita ce babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan ma'aikata kaf: sunayen ɗalibai da makinsu, jadawalin albashi, tarihin ciwon marasa lafiya, rasit ɗin haraji. Kwamfutocin da ke kan tebura tambayarta kawai suke yi ta ba su amsa. Ita kuma a kan wata babbar manhaja take tafiya, ko Windows Server ta kamfanin Microsoft, ko ɗaya daga dangin Linux irin su Ubuntu da CentOS da Debian. Wannan manhaja tana da wa'adi. Masu ita suna aiko da faci lokaci-lokaci suna toshe ɓarakar da aka gano, har ranar da za su ce sun cire hannunsu. Daga ranar nan, duk ɓarakar da ta bayyana a buɗe za ta zauna.

Ranakun nan ba asiri ba ne, tun da sauran shekaru ake shelanta su. Windows Server 2003 ta rabu da tallafi ranar 14 ga Yulin 2015. Ta 2008 ta bi ta ranar 14 ga Janairun 2020, rana ɗaya da Windows 7. Ta 2012 da ƙanwarta R2 wa'adinsu ya cika ranar 10 ga Oktoban 2023. CentOS 7, wadda ta daɗe tana ɗauke da shafukan intanet masu ɗimbin yawa saboda kyauta ce, ta ƙare ranar 30 ga Yunin 2024. Ubuntu 18.04 tallafinta na kyauta ya yanke tun Mayun 2023, ta 20.04 ta biyo baya a Mayun 2025. To, Malam Injiniya, shiga ɗakinka ka duba wacce ce a kan na'urarka. In amsar tana cikin waɗannan, ka sani amanar mutane ka jibga a kan abin da mai shi ya riga ya ce ba ruwansa da shi.

Abin da ya sa wannan ƙarya ta fi ƙona mini rai a Zamfara fiye da ko'ina shi ne, mu mun san ainihin rashin netwok. Ranar 3 ga Satumban 2021 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su rufe layukansu a faɗin jihar, bisa roƙon gwamnatin Bello Matawalle, don jami'an tsaro su samu damar yaƙar 'yan bindiga. Mako biyu aka ce da farko. Gusau ba ta sake ganin sabis ba sai farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba. Mutane suka riƙa hawa mota su ratsa Tsafe su nufi Funtuwa don su kira ɗan'uwa ko su tura kuɗi, har aka katse na can ma. Aka koma rubuta wasiƙa ana ba direbobi a tasha. Waccan dole ce ta tsaro, jama'a suka haɗiye ta a haka. Mutanen da suka sha wannan ba su cancanci kowane malalaci ya riƙa aron sunan abin yana lulluɓe gazawarsa ba.

Ku kuma auna abin da "ku dawo gobe" take nufi a nan. A Abuja in shafi ya ƙi buɗewa, mutum tsaki zai yi ya sake gwadawa da yamma. Mutumin Wanzamai ko Yankuzo a ƙasar Tsafe, ko na Nahuce da Kwatarkwashi a ƙasar Bungudu, da sassafe ya baro gida. Ya biya kuɗin mota a farashin man da ya yi tashin gwauron zabi tun cire tallafi a Mayun 2023, ya bar gonarsa ko rumfarsa, ya bi hanyar da kowa ya san sai da addu'a ake shigarta, yana lissafin ya koma kafin rana ta faɗi. Ya iso tagarku, a ce masa ya dawo gobe. Goben nan wani kuɗin motar ne, wani yinin ne, wata kasadar ce da rai. Kai da ka danna maɓallin sabuntawa da ƙarfe goma na safiyar Litinin ba ka biya ko sisi ba, shi ya biya. Ga shi yau kusan komai ya hau na'ura: neman gurbi a Jami'ar Tarayya ta Gusau ko Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Tsafe, lambar NIN, jarrabawar JAMB da ta koma ta kwamfuta zalla tun 2015, albashi, fansho, cirar kuɗi. Talaka bai roƙi a mayar da rayuwarsa kan allo ba. Ku kuka mayar, ku ne da nauyin allon ya riƙa amsawa.

Kashi biyu kuke. Na farko 'yan "a bar ta yadda take". Hujjarsu ɗaya ce, wai da muguwar rawa gara ƙin tashi: tunda tana aiki, kada a tsokano ta. Sabarsu tana ƙarƙashin tebur ko a wani ɗaki da aka mayar sito, ƙurar hunturu ta toshe mata fanka, na'urar sanyaya ɗakin ta mutu tun bara waccan, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40. Da gangan aka kashe sabuntawa, sau da yawa don Windows ɗin da ke kanta ta sata ce, ana tsoron in ta leƙa intanet asiri ya tonu. Ka tambayi yaushe aka yi mata faci na ƙarshe, sai a hau kallon juna. Ka matsa, a ce maka wa zai kula da ɗan ƙaramin ofis irin namu.

Waɗannan su tuna abin da ya sami Ingila a 2017. Ranar 14 ga Maris na shekarar Microsoft ta fitar da facin wata ɓaraka a Windows. Wata biyu facin yana nan, kyauta. Ranar 12 ga Mayu wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bi ta wannan ɓarakar ta afka wa kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, ta kulle bayanansu, ta nemi kuɗin fansa. Hukumar lafiyar Ingila, NHS, tana cikin waɗanda suka fi jin jiki: an soke ganin likita da tiyata kimanin 19,000, wasu asibitoci suka riƙa juya motocin ɗaukar marasa lafiya zuwa wasu wurare, asarar da gwamnatinsu ta ƙiyasta ta kai fam miliyan 92. Ba tsafi aka yi musu ba, facin da aka ba su ne suka yi wa riƙon sakainar kashi. Bazamfare ba ya buƙatar a yi masa bayanin garkuwa da neman fansa. Ku dai sani ana yi wa bayanai irinta, kuma mai yin ba ya tambayar girman gari. Manhajarsa yawo take a intanet dare da rana tana gwada kowane adireshi, na Gusau da na Landan duk ɗaya ne a wurinta.

Kashi na biyu sun fi ban haushi, don su a ganinsu wayayyu ne. Su ne masu jin labarin sabuwar manhaja da dare, gari na wayewa su ɗora ta a kan na'urar da ma'aikata duka ta dogara da ita, ana tsakiyar aiki, layi ya kai bakin ƙofa. Ba kwafin ajiya, ba gwaji, ba a gaya wa kowa ba. In ta tashi lafiya, gwani ya yi aiki. In wuta ta ɗauke tana rabi, ko ta tashi amma manhajar albashi ta ƙi zama a kanta, sai injiniya ya kashe wayarsa, a aiko masinja ya liƙa takarda a taga.

Wannan kuwa ba sai mun ƙetare teku neman misali ba. A jarrabawar JAMB ta 2025, da sakamako ya fito sai ga fiye da ɗalibai miliyan 1.5 cikin kimanin miliyan 1.9 ba su kai maki 200 ba. Iyaye da malamai suka yi caa. Ranar 14 ga Mayu shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya tsaya gaban 'yan jarida yana hawaye ya amsa cewa an tafka kuskure. An yi wa manhajar jarrabawar gyara, gyaran ya hau wasu sabobi, bai hau wasu na shiyyar Legas da Kudu maso Gabas yadda ya kamata ba, ba a kuma farga ba har aka saki sakamako. Cibiyoyi 157, ɗalibai 379,997, aka ce su sake zama jarrabawa cikin 'yan kwanaki. Wannan fa hukuma ce mai kuɗi da ƙwararru da gogewar shekara goma a jarrabawar kwamfuta, kuma abin da ya kayar da ita bai wuce rashin bin na'urori ɗaya bayan ɗaya a tabbatar kowacce ta karɓi gyaran ba. Abu ɗaya zan faɗa game da Farfesan: ya fito ya ce laifinsu ne, bai ɗora wa netwok ba. A cikinku mutum nawa ne zai iya haka?

Bankuna ma sun nuna mana nasu. Daga ƙarshen Agusta zuwa Oktoban 2024, Sterling da Zenith da GTBank suka sauya manyan manhajojin da ke riƙe da asusun jama'a, kusan a jere. GTBank ya sanar zai rufe da wuri ranar Juma'a 11 ga Oktoba ya buɗe Litinin 14 ga wata, amma makonni bayan nan mutane na ta kukan an cire kuɗi bai isa ba, har hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta fito da gargaɗi ga bankuna. A cikin watan ne kuma manyan layukan wutar da ke ciyar da Arewa suka lalace, aka yi fiye da mako a duhu. Tambayi mai POS a Tudun Wada ko kasuwar Tsafe labarin wannan Oktoba. Su bankunan nan sun sanar, sun zaɓi ƙarshen mako, sun ɗauko ƙwararru, duk da haka abin ya fi yadda suka zata. To kai da ba ka yi ko ɗaya cikin ukun ba, da me ka dogara?

Abin takaicin, aikin nan mafi yawansa ba kuɗi yake ci ba, natsuwa yake so. Da yawanku ba ku ma san abin da ke kan na'urarku ba. Akwai manhajar da wani ɗan kwangila ya rubuta da tsohon PHP shekarun baya, akwai rumbun bayanai na MySQL ko SQL Server, akwai na'urar ɗaukar zanen yatsa da ba ta jin magana sai da tsohuwar manhajarta, akwai wani ɗan aiki da ke tashi da kansa ƙarfe biyun dare, wanda ya saita shi kuma ya daɗe da barin aiki. Babbar manhaja ba kasafai take karyewa wajen sabuntawa ba. Waɗannan 'yan ƙananan da ke kwance a kanta su ke tuburewa. Wanda bai zauna ya rubuta su a takarda ba, kowanne da sigarsa da sunan wanda za a kira in ya ƙi, bai fara aiki ba tukuna.

A kan kwafin ajiya zan ɗan daɗe, don nan ne yaudarar kai ta fi yawa. Kowa ka tambaya zai ce yana da shi. Ina yake? A kan ita sabar, cikin wata jaka da aka raɗa wa suna ajiya. Ranar da faifan ya ƙone, asali da kwafi tare za su tafi. Ko kuma yana kan ɗan faifan hannu a aljihun injiniya, wanda yara ke kallon fim da shi a gida. Ƙa'idar da masu sana'ar suka daɗe a kanta ba ta da wuya: kwafi uku, a ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wajen ginin. Inda gobara da ɓarawo da aradu ba baƙi ba ne, na wajen nan shi ne mai ceto. Ko wannan ma bai wadatar ba, domin kwafin da ba a taɓa gwada dawo da shi ba zato ne kawai. Kamfanin GitLab, wanda sana'arsa ke nan ajiye wa masu rubuta manhaja aikinsu, ya ɗanɗana wannan ranar 31 ga Janairun 2017. Wani ma'aikacinsu, dare ya yi, gajiya ta kama shi, ya goge rumbun bayanai na ainihi yana zaton na gefe ne. Hanyoyin ajiya biyar gare su, da aka waiwaye su ba wadda ta amsa yadda aka yi tsammani. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka da hannu awa shida kafin nan, bayanan awa shidan kuwa sun tafi ke nan. Don haka kafin ka taɓa babbar manhaja, ɗauki kwafinka ka zuba shi a wata na'ura daban, ka buɗe, ka nemo sunan ma'aikaci ɗaya ka ga albashinsa na watan jiya da idonka. Ka kuma duba agogo ka ga awa nawa dawowar ta ci, don in abu ya ɓaci jama'a ba za su jira ƙasa da haka ba. Hoton na'ura da Hyper-V ko Proxmox ko VMware ke ɗauka nan take yana da amfani wajen saurin ja da baya, amma wuri ɗaya yake kwana da na'urar, ba ya zama a madadin ajiya.

Uzurin "ba mu da saba ta biyu da za mu yi gwaji" ya daina karɓuwa. Kwamfutar tebur mai ɗan ƙarfi ta isa a gina wata kwamfutar a cikinta da VirtualBox ko Proxmox, duka kyauta, a zuba kwafin jiya, a yi sabuntawar a can tukuna. Kuma ba injiniya ne zai ce ta yi ba. A kira akawun da ke buga albashi da matar da ke yanka wa marasa lafiya kati, kowa ya yi aikin da ya saba har zuwa buga takarda. Su za su gano maɓallin da suke dannawa yini guda ya daina amsawa. In na'urorinka sun fi ɗaya, fara da wadda mutuwarta ba za ta tsayar da kowa ba, ka saurara ka gani, sannan ka matsa gaba. Kamfanin CrowdStrike da ya tura gyara guda ga kowa a lokaci ɗaya ranar 19 ga Yulin 2024, kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5 ya kwantar, jirage suka kasa tashi, sai da aka bi na'urorin da hannu ɗaya-ɗaya. Ka riƙe takarda kana sa alama a gaban kowacce da ka gama, kada ka maimaita na JAMB.

Ɗora sabuwar manhaja a kan tsohuwa yana yiwuwa. Microsoft ta yarda a tsallaka daga 2012 R2 zuwa 2025 kai tsaye, AlmaLinux na da kayan aikin ɗauko mai CentOS 7, Ubuntu kuwa ba a tsallake mata mataki, daga 18.04 sai 20.04 sannan 22.04. Sai dai muddin a kan na'urar da ke hidima ake yi, aiki a tsaye yake har a gama, in kuma ta karye a tsakiya an shiga uku. Wanda ya san hannunsa gefe yake gina sabuwa, tsohuwa na ci gaba da sallamar jama'a. Ya kwashe bayanai a tsanake, ya gwada, ranar sauyi ya dakatar da shigar da sabon bayani na ɗan lokaci, ya kwaso ragowar, ya juya adireshi zuwa sabuwar. Tsayawar da za ta ci kwana biyu sai ta dawo awa ɗaya ko ƙasa da haka. Tsohuwar kuma ba a goge ta ranar, a kashe ta a bar ta har a ga an biya albashi sau ɗaya lafiya da sabuwar.

Babu magidancin Bungudu da zai yaye rufin ɗakinsa a tsakiyar marka don ya ji an kawo sabon kwano kasuwa. Da rani ake wannan, bayan an tanadi kwanon da ƙusa da kafinta, an kuma san inda iyali za su kwana. Kowace ma'aikata tana da markarta. Ta makaranta makon rufe rajista ne da ranar fitar da sakamako, ta baitulmali makon albashi ne da jajibirin salla, ta banki ranar kasuwa ce da ƙarshen wata. Asibiti kuwa ba shi da rani sam, shi ya sa dole ya tanadi kati da biro, ma'aikata su san yadda za su ci gaba da karɓar marasa lafiya da hannu su shigar daga baya. Littafi zai ce maka daren Asabar, kai dai duba kalandar mutanenka. Kada kuma ka fara ranar da wanda ya fi kowa sanin na'urar ya kama hanyar Kaduna.

Wutar layi ba abin jingina ba ce a aikin da yankewar daƙiƙa ɗaya za ta iya lalata faifai. A cika janareta da man gas, a gwada batiran inbata da ainihin nauyin da za su ɗauka, don batirin da ya shekara uku a zafin nan fitilarsa kore ce amma ba lalle ya riƙe minti biyu ba. Duk abin da za a sauke daga intanet a sauke shi tun da sauran kwanaki, ba a fafe gora ranar tafiya. In daga nesa za ka yi aikin ta SSH, yi shi cikin tmux ko screen, don in sabis ya yanke aikin ya ci gaba da kansa, a kuma samu mutum a ɗakin da zai iya danna maɓalli. Kafin ka fara, yanke wa kanka lokacin janyewa ka rubuta shi: in ƙarfe huɗun asuba ta yi abu bai daidaita ba, a koma tsohuwa, ba gardama. Wanda bai yanke wannan tun yana cikin hayyacinsa ba, girman kai zai yanke masa, ya yi ta "saura kaɗan" har ma'aikata su fara sa hannu a littafin zuwa.

Sannan ku gaya wa mutane, don Allah. Shi ne mafi araha cikin duk abin da na faɗa, shi ne kuma kuka fi ƙi. A sanar a rediyo da Hausa, a liƙa a ƙofa mako guda kafin ranar, a tura wa sakatariyoyin ƙananan hukumomi da zaurukan WhatsApp na ɗalibai da 'yan fansho: ranar kaza daga ƙarfe kaza zuwa kaza ba aiki, kada kowa ya taso. Mutumin Kuceri da ya ji haka a rediyo ya tsira da kuɗin motarsa da yininsa. Kuna ƙin sanarwa ne don sanarwa alkawari ce, in lokaci ya wuce ba ku buɗe ba za a san wanda za a tambaya. Netwok kuwa ba a kai shi ƙara.

Yanzu na juyo gare ku, ranku ya daɗe, Babban Sakatare, Magatakarda, shugaban asibiti, Ciyaman. Rabin laifin nan naku ne, in ma bai fi ba. Yaron da ke sashen kwamfuta ya rubuto yana neman batir da faifan ajiya da kuɗin lasisi, takardar na kwance a tire tun bara, kuɗin labule da kujerun ofis kuwa cikin mako ya fita. Kun mayar da shi mai gyaran firinta da saita muku WhatsApp a sabuwar waya. In ya roƙi a ba shi awa biyu da daren Asabar ya tsayar da na'ura, ku ce ba ku son jin an tsaya. Ranar da ta tsaya da kanta kwana biyar, ku ce a ba shi takardar tuhuma. Kuna son bikin ƙaddamarwa da yanke ƙyalle, ba ku son layin kasafin kula da kaya, don shi ba a ɗaukar hoto da shi.

Ku ne kuma ke sa hannu a kwangilar da ke barin kalmar sirrin sabar gwamnati a wayar wani mutum da ke zaune Abuja ko Kaduna, ba ya ɗaga waya sai an biya shi cikon kuɗinsa, ba ya kuma son shigowa Gusau ta mota. Ranar da za a sabunta, ba mai iya shiga. Kwangilar da ba ta tilasta a miƙa kalmar sirri da rubutaccen bayanin yadda aka haɗa komai, a kuma horar da ma'aikatan gida ba, kanku kuka sayar da sunan sayen na'ura. Ɗan kwangilar zai rubuta muku cewa na'ura za ta yi aiki kashi 99 cikin ɗari, ku yi ta murna. Ku ɗauki biro: kashi ɗaya cikin ɗari na shekara ya fi kwana uku da rabi. Kashi 99.9 ne ke nufin ƙasa da awa tara. Ku tambaye shi wanne ya ɗauki alkawari, wa ke aunawa, me zai biya in ya saɓa. Ku kuma tuna dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su, ta wajabta sanar da hukumar kare bayanai, NDPC, cikin awa 72 in an yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan. Ma'aikatar da kuke shugabanta dokar za ta nema.

Jihar nan tana da hukumar bunƙasa fasahar sadarwa, ZITDA. Aiki mafi amfani da ke gabanta ba ya buƙatar rumfa da makaɗa: a bi ma'aikatu da asibitoci da sakatariyoyin ƙananan hukumomi 14, a rubuta kowace saba, sigar manhajarta, ranar cikar wa'adinta, da ranar ƙarshe da aka gwada dawo da kwafinta. Ƙananan ofisoshin da ba za su iya riƙe ɗaki mai sanyi da wuta ba, a tattara nasu wuri guda da ake kula da shi, ko a kai cibiyoyin ajiya irin na Galaxy Backbone. Sai dai wanda ya ga 2021, ya kuma ga ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke bankuna suka rikice, ba zai kwashe komai ya kai nesa bai bar kwafi da hanyar aiki a gida ba.

Ƙarin tallafin da Microsoft ke sayar wa masu Windows Server 2012 iyakarsa 13 ga Oktoban 2026. Wa'adin Windows Server 2016 kuma 12 ga Janairun 2027 ne. Kasafin kuɗi sau ɗaya ake yin sa a shekara. Malam Injiniya, rubuta takardarka yau, ka sa ranakun nan a layin farko, ka sa wanda ya karɓa ya sa hannu, ka riƙe kwafi. Yallaɓai, in ta iso teburinka, ka karanta ta kafin ta labule.